Contra: Giwar Da Aka Cusa Cikin Tulu

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗana ya leƙo ya tarar ina buga Contra a waya, ya kwashe da dariya, wai wannan ai zanen 'yan firamare ne. Ban ce masa uffan ba, amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ɗauko biro.

Ni a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru na fara ganin wasan nan muna yara, a shagon wani mai gyaran rediyo da ya jona wata 'yar na'ura mai rawayan kaset da talabijin. Ranar kasuwa har yaran Bebeji da Tudun Wada sukan shigo layi, wani abokinmu ɗan Doguwa kuwa rantsuwa yake yi dajin da sojojin nan biyu suke ratsawa Falgore ne.

Sai da na girma na san asalinsa. Kamfanin Konami na Japan ne ya fito da shi a 1987, cikin wata ƙatuwar na'ura mai tsayin mutum da ake girkewa a gidajen wasa, sai ka jefa tsabar kuɗi za ta ba ka dama. Daga nan kamfanin Ocean na Ingila ya matse shi, da sunan Gryzor, ya shigar da shi ƙananan kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore 64. Ita Spectrum ƙwaƙwalwarta 48K ce kacal, hoto guda na wayarka ya ninka ta sau da yawa, kuma daga kaset irin na rediyo ake loda wasan ana zaman jira. Launuka suka ragu, kiɗan ya koma kamar kukan gyare, amma gudu da tsalle da harbi da faɗuwar gaba duk suna nan. A 1988 ya shiga na'urar Nintendo, wadda kwaikwayonta ne ya iso mana.

To jama'a, a ganina masu matsewar nan sun fi cancantar yabo, don ba domin irinsu ba da wasan ya ƙare a gidajen wasa na manyan birane, ɗan talaka bai ko ji ƙamshinsa ba. Yau fa? Wasannin da ake yayi sai waya mai tsada da data mai yawa, yaron ƙauye mai tsohuwar wayar babansa sai dai kallo.

Kirana ga matasanmu masu koyon haɗa manhaja shi ne su auna aikinsu da ƙaramar wayar da ke hannun ɗan Doguwa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Gwani shi ne wanda ya san abin da zai zubar da abin da zai riƙe.

Ɗana dai na miƙa masa wayar, ko dajin farko bai tsallake ba rayukansa uku suka ƙare. Har yanzu bai dawo min da ita ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.