Me ya sa Tor ke tafiyar hawainiya a yankinmu?

Lokacin da Chadi ta toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, jama'a sun shiga neman hanyar zagaye. Ɗaya daga ciki ita ce Tor, manhajar da ke ɓoye mai amfani da ita ta hanyar bi da saƙonsa ta tashoshi uku na 'yan sa-kai. Ƙorafin da aka fi ji a kanta shi ne jinkiri.

Wani jinkirin daga tashar yake. Sabuwar tasha ba ta samun aiki sosai sai an auna ƙarfinta, kuma sai ta yi aƙalla kwana 8 kafin a amince ta zama ƙofar shiga. Bayan haka, mai ita ya duba iyakar gudun da ya sa mata, da ƙarfin kwamfutar, da ko kamfanin intanet ɗinsa ya rage masa hanya. Masu Tor na neman aƙalla megabit 10 a daƙiƙa.

Sai dai matsalar da ta fi shafarmu ita ce nisa. Yawancin tashoshin suna Turai da Amurka, musamman Jamus, don haka saƙo daga Damagaram ko Garwa sai ya ƙetare teku tukuna. Tsadar intanet da ɗaukewar wuta sun hana ɗaiɗaikun mutane kafa tasha a nan. Jami'o'in Yamai, Kano da Injamena su ne suka fi dacewa su fara.