Ƙofar asibiti ba kotu ba ce

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga duk wanda ya kafa ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya ko ya mara mata baya. Cikin watan ne taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi, inda aka gurfanar da wasu maza bisa zargin luwaɗi. A Fabrairu kuma gungun matasa riƙe da sanduna suka shiga unguwar Gishiri a Abuja cikin dare, suka jawo maza daga ɗakunansu suka lakaɗa musu duka. Duk wannan an ji shi a rediyo. Ɓarnar da ba a ji ba ita ce ta mutanen da suka daina zuwa karɓar magani don tsoro, kuma ita ce ta fi shafar kowa.

Akwai shaida a kan haka. Wani bincike da aka yi a Abuja kan mazan da ke neman maza, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 cikin ɗari kafin dokar zuwa kashi 38 bayanta, masu guje wa asibiti kuma daga kashi 20 zuwa 28. A daidai lokacin, ƙididdigar gwamnati ta 2014 ta nuna kusan kashi 23 cikin ɗari na irin waɗannan maza suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, alhali binciken ƙasa na 2018 ya sa na sauran jama'a a kashi 1.4. Maganin rage kaifin cutar kullum ake shan sa. Wanda ya riƙe shi har ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa, ya hango ma'aikaciyar da ta san gidansu, ya juya da robar maganinsa babu komai a aljihu, cikin 'yan makonni ƙwayar za ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin. Da yawa daga cikin waɗannan maza suna da aure, domin a wurinmu namiji ba ya daɗewa gwauro ba a sa shi gaba ba. Cutar da aka kora daga asibiti gida take komawa, wurin matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Duk da haka mutanen ba su zauna jiran mutuwa ba. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da 'yan daudun Kano ya fitar da littafi a kansu a 2009, ya bayyana yadda babba ke zama uwa ga ƙarami, ya ba shi makwanci, ya koya masa sana'ar girki da sayar da abinci. Wannan tsohuwar hanyar riƙe juna ce ke aiki yau a harkar lafiya: wanda ya san kan magani ya raka sabon kamu wurin gwaji, ya tuna masa ranar karɓa, ya nuna masa ma'aikacin da ke riƙe sirri. Aikin da hukuma ta kasa kaiwa gare shi suke yi mata kyauta, amma dokar ta sa haɗuwar tasu ma tana iya zama hujjar kama su.

Na san abin da mai karatu zai ce: addini ya haramta, kuma wannan magana ce ta Turawa. Ban zo warware hukuncin malamai ba. Amma addinin da ya haramta aikin shi ne ya haramta bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ta ɗora haddin ƙazafi a kan wanda ya jefi namiji da luwaɗi. Hukunci na alƙali ne, da shaidu da sharuɗɗa masu tsauri. Wanda ya ɗauki gora saboda tafiyar wani ko muryarsa ba shari'a ya tsayar ba, ta'adi ya yi. Kundin tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 33 da na 34, bai cire kowa daga haƙƙin rai da mutunci ba.

Wani zai ce buɗe musu ƙofa ƙarfafa musu gwiwa ne. Likita yana ɗinke ɓarawon da aka sara, yana wanke cikin mashayi, ba wanda ya ce ya halatta sata ko giya. Tsangwama kuwa masu cin moriyarta 'yan damfara ne, waɗanda ke yaudarar mutum ta waya su tsare shi su karɓe kuɗinsa, da sanin ba zai iya kai ƙara wurin 'yan sanda ba.

Abin da ake nema daga ma'aikatun lafiya na jihohi yana cikin ikonsu: a hukunta ma'aikacin da ya tona asirin majiyyaci, a bar masu raka marasa lafiya su yi aikinsu ba tare da samame ba. Iyaye kuma su sani, yaron da aka kora daga gida a shekara goma sha bakwai tashar mota zai kwana, inda babu mai tambayarsa ko ya ci, balle ko ya sha magani.