Idon Na'ura da Tsoffin Faifanmu

A shekarar 2018 aka nuna fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu a Berlin, bayan an gano faifansa a 2016, aka mayar da shi na kwamfuta. Ƙashin bayan aikin wani ɗan ido ne mai auna haske: ana haska faifan, idon ya juya hasken da ya ratso zuwa lantarki, lantarkin ya koma lambobi. Samfurin CCD tun 1969 aka ƙago shi a Amurka. CMOS ya fi shi sauri da araha. Akwai kuma hasken infared mai gano ƙura, sai dai azurfar da ke jikin faifan baƙi-da-fari tana tare shi, dole a share da hannu.

Ni da nake nazarin harshe, gefen faifan ya fi ɗaukar hankalina, domin nan aka zana murya, kuma haske ne ke karanto Hausar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya.

To, ina namu? Nagetif na hawan salla da naɗin sarauta da masu hoto suka adana a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, zafi da ƙurar hunturu ba sa ɗaga musu ƙafa. Ina ganin ya wajaba Jami'ar Tarayya ta Gusau ta mallaki wannan na'ura, ta horar da masu sarrafa ta, tun magada ba su zubar da akwatunan ba.