Kada ka ɗora wa mutum Linux ka bar masa linzami rabi da rabi

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Ra'ayina: duk wanda ya ɗora wa ofishin masana'anta Linux ya tafi bai saita maɓallan gefen linzami ba, bai gama aiki ba, kuma kada a ba shi cikon kuɗinsa. Na san za a ce ƙaramin abu ne. Ku dai biyo ni. 🧵

2/ Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Ita kuma Windows 11 sai kwamfutar da ke da TPM 2.0, in Intel ce sai ƙarni na 8 zuwa sama. To ka leƙa ofisoshin Sharada, Challawa da Bompai ka ga abin da ke kan teburan akawu: HP da Dell na hannu, wasu sun girmi ƙannenmu.

3/ Masana'antar da ke fama da kuɗin gas, ga wutar Band A da aka kai naira 225 a Afrilun 2024, ba za ta zubar da kwamfuta ashirin masu aiki don Microsoft ta ce sun tsufa ba. Abin da ya rage: a zauna kan Windows marar kariya, a biya kuɗin ƙarin wa'adi, ko a koma Linux. Ni ina bayan na ukun.

4/ Amma mu ƴan Linux muna da wata cuta. Sai mu ɗora Mint ko Ubuntu, mu nuna wa manaja yadda take tashi da sauri, firinta ta buga shafi ɗaya, mu karɓi kuɗi mu kama hanya. Wanda zai wuni a gaban na'urar kuwa ko tambayarsa ba mu yi ba yadda hannunsa ya saba aiki.

5/ Lokacin da nake IT a wani kamfanin roba a Sharada, an kawo wani ya mayar da kwamfutocin sito Ubuntu. Ba a yi sati biyu ba babban akawu ya ce a dawo masa da Windows. Na ce, "Baba, me ta yi maka?" Ya ɗaga linzaminsa ya ce, "Yaro, da nan nake kwafi, da nan nake liƙawa. Yanzu in na danna, ko gezau."

6/ Dattijon nan bai ƙi Linux ba, bai ma damu da sunanta ba. Manhajar Logitech ce ta riƙe masa wannan saitin shekara da shekaru, ita kuwa Options+ ta Windows da Mac ce kawai. Aikin minti goma ne ya gagari wanda ya ɗora, aka wayi gari sito ya koma kan Windows ta sata.

7/ Kafin wani ya ce "ai sai ya koyi Ctrl+C": hannunsa na hagu na riƙe da takardar kaya. Haka mai rubuta nauyi a sikelin mota, haka mai ƙidayar fatu a majemun Challawa, direba na tsaye a kansa yana jira. Layi ɗari-ɗari a wuni. Babban yatsan nan nasa kayan aiki ne, kamar almakashin tela.

8/ To bari mu shiga gyaran. Farko ka san a ina kake. Buɗe Terminal ka rubuta:

echo $XDG_SESSION_TYPE

Zai ce maka x11 ko wayland. Wallahi rabin wahalar da mutane ke sha daga nan take: sun kwafo maganin X11 daga tsohon rubutu a intanet, alhali kwamfutarsu na kan Wayland.

9/ Ubuntu ta mayar da Wayland tsohuwar zuma a 21.04, ita ce ke fara tashi in ba ka canja ba. Mint mai Cinnamon kuwa tana kan X11. Shi ya sa abu zai yi wa abokinka aiki, kai ya ƙi, ku yi ta musu a banza alhali ba gida ɗaya kuke ba.

10/ Na biyu: shin kwamfutar na jin maɓallin ma? A X11 rubuta xev, ka kai linzami cikin ɗan farin akwatin ka danna. Lissafin haka yake: 1 hagu, 2 tsakiya, 3 dama, 4 da 5 juya taya sama da ƙasa, 6 da 7 gefe da gefe, 8 baya, 9 gaba. Na babban yatsa yawanci su ne 8 da 9.

11/ A Wayland, ko in kana son ganin gaskiya daga tushe, yi amfani da sudo evtest ko sudo libinput debug-events. Can za ka ga BTN_SIDE da BTN_EXTRA. In sun fito, linzaminka lafiya lau, saiti ne kawai ya rage.

12/ In ba abin da ya fito fa? Duba ko maɓallin DPI kake dannawa, wanda ke bayan taya. A yawancin masu arahar nan da muke saya a Beirut Road, wannan maɓallin ba ya aika komai ga kwamfuta, saurin kibiya kawai yake canjawa a cikin linzamin kansa. Ko a Windows haka yake. Kada ka kwana kana zagin Linux a kansa.

13/ Wani abin kuma: wasu linzaman na bayyana a matsayin na'ura biyu, linzami da kibod, ƙarin maɓallan suna fitowa ta ɓangaren kibod ɗin. In evtest ya jero maka suna ɗaya sau biyu, gwada duka biyun kafin ka yanke hukunci.

14/ A lura, 8 da 9 ba matattu ba ne daga farko. A Firefox, Chrome da wurin duba fayil suna yin baya da gaba ba tare da ka taɓa komai ba. Abin da babu shi ne ba su wani aiki na daban: kwafi, liƙawa, adanawa, sauya shafi a LibreOffice Calc.

15/ Tsohuwar hanya a X11 ita ce xbindkeys da xdotool. A fayil ɗin .xbindkeysrc ka sa:

"xdotool key ctrl+c"
b:8 + Release

Release ɗin nan na da amfani: umarnin zai tafi ne bayan an ɗaga yatsa, ba lokacin da maɓallin ke danne ba. Tana aiki, amma ranar da aka koma Wayland ta mutu.

16/ Wadda nake gargaɗi a kanta ita ce xinput set-button-map. Nan take za ta yi, kowa ya ji daɗi, sai dai ba ta ɗorewa. Da an kashe kwamfuta ko an zare linzami, saitin ya tafi. A ofishin da ake tsalle tsakanin wutar NEPA da janareta sau da yawa a wuni, wannan ai yaudara ce. Kafin ka kai bakin titi ya warware.

17/ Zaɓina ga ofis: input-remapper. Tana cikin rumbun manhajojin Ubuntu tun 22.04, haka Mint. Tana kama dannawar tun daga ƙasa, don haka X11 da Wayland duk ɗaya ne a wajenta. Ka zaɓi linzami, ka danna maɓallin ta gane shi, ka ba shi aiki, ka adana. SANNAN ka kunna Autoload. Nan mutane ke mantawa, gobe a kira su a ce ya lalace.

18/ Masu KDE Plasma a Wayland sun huta, tun 5.26 a 2022 abin yana cikin saitin linzami. GNOME kuwa ba ta ba ka wannan a saitinta ba, kuma a ganina wannan gazawa ce. Manhajar da ke son talaka ya yi amfani da ita bai kamata ta tura shi Terminal saboda maɓalli biyu ba.

19/ In linzamin na Logitech ne mai ɗan tsada, akwai Solaar ga marasa waya, akwai Piper ga irin su G502. Daɗin Piper, tana rubuta saitin cikin ƙwaƙwalwar linzamin, ko ka kai shi wata kwamfuta yana nan. Amma ɗauki ɗaya. Ka haɗa xbindkeys da input-remapper a kan maɓalli ɗaya, ka shirya ganin abin mamaki.

20/ Wani lokaci ma gyaran shi ne a KASHE maɓallin. Ka ga mai cike dogon fom a burauza, na haraji ko na kwastam: yatsa ya goga maɓallin baya, shafi ya koma, wani sa'in duk abin da ya rubuta ya tafi. Irin wannan ma'aikacin, ka rufe masa 8 da 9 gaba ɗaya. Ba za ka san wanne yake buƙata ba sai ka zauna kusa da shi ka kalli aikinsa.

21/ Ba na cewa a mayar da kowace kwamfuta Linux. Wadda ake zana tambarin leda da buhu da CorelDRAW, ko injiniya ke AutoCAD a kai, ku ƙyale ta, ba su da na Linux. Inkscape da FreeCAD na nan, amma ba ranar da oda ke jira ake koya wa mutum sabuwar manhaja ba. Sito, sikeli da teburin rasit, su nake nufi.

22/ Laifin kamfanonin da ba sa yi wa Linux manhaja yana nan, ban wanke su ba. Sai dai akawun Bompai ba zai rubuta wa Logitech wasiƙa ba. Kai da ka ɗora masa, kai ya sani, kuma duk abin da ya faru zai ce "abin yaran nan ba ya aiki". Daga nan ka rufe wa na bayanka ƙofa a wannan kamfanin.

23/ Ƴan uwana masu shirin SIWES, daga BUK, Wudil ko Poly: in an ba ku irin wannan aikin, bayan kun saita ku kashe kwamfutar ku kunna, ku zare linzamin ku mayar, a gaban mai ita. Ku rubuta aikin kowane maɓalli a ƴar takarda ku manna a jikin tebur, don mai aikin dare.

24/ Wanda nasa ya ƙi, ya ajiye min abu uku a ƙasa: sunan linzamin, abin da XDG_SESSION_TYPE ya ce, da abin da evtest ya nuna lokacin da ya danna. Zan duba bayan lakca in caji ya bari.