Shekara huɗu a Mass Comm, amma labari ɗaya da Hausa ya gagare ka

Na san wannan rubutun zai ɓata wa wasu 'yan ajinmu rai. Su yi haƙuri, ni ma nawa a ɓace yake tun jiya.

Muna zaune a gindin bishiyar bakin fakalti muna jiran lakcar ƙarfe biyu, sai wani ɗan'uwanmu Bahaushe, ɗan aji huɗu kamar ni, ya ce shi Allah ya kiyaye ya gama digiri ya ɓuge da aikin sashen Hausa. Wai ai wannan aikin waɗanda Turanci ya gagara ne. Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na tuna abin da ya same ni bara.

Ni haifaffen Sabo ne a Ibadan, da Hausa na buɗe baki. Da muka tafi IT sai na samu wani gidan rediyo mai shirin Hausa na awa guda. A rana ta uku edita ya miƙo min labarai biyar na Turanci ya ce, "Minti ashirin gare ka." Na ce a raina wannan ai kamar shan ruwa ne. Labari na biyu na hatsarin mota ne, an rubuta casualties 18, ni kuwa na rangaɗa cewa mutum 18 sun rasu. Ashe uku ne suka mutu, sauran raunuka suka ji. A na huɗu, wani mutum da 'yan sanda suka kama, na kira shi ɓarawo kai tsaye, na watsar da "wanda ake zargi" don a ganina tana tsawaita jimla. Editan nan dattijo ne da bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, da wannan ta fita, gobe lauyan mutumin nan zai riga mai shara isowa."

Wallahi na ji kunya. Ga ni da A a kwas ɗin dokar aikin jarida, na haddace ma'anar ɓata suna da Turanci tsaf, amma na aikata shi da harshen uwata ban ma sani ba.

Abin haushin shi ne, tun aji ɗaya ake sa mu haddace cewa jaridar farko a ƙasar nan ita ce Iwe Irohin, wadda Henry Townsend ya fara bugawa a Abeokuta a 1859. Kowa yana rubuta wannan a jarrabawa ya ci maki. Wa ya taɓa tsayawa ya lura da Yarabanci aka fara ta? Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam ne editanta. Shi ma Turanci ne ya gagare shi? BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, muna nan muna yanga ta ƙara Pidgin a 2017, Yarabanci da Ibo a 2018. Jamus na da sashen Hausa, Faransa na da shi. Masu Turancin da kansu suna biyan albashi don a yi magana da harshenmu, mu da muka aro nasu mu ne ke toshe hanci.

Kada wani ya zo min da cewa ina ƙin Turanci. Da shi nake rubuta furojet ɗina, kuma wanda bai iya shi ba ba zai karanta kasafin kuɗi ko hukuncin kotu ba, balle ya fassara. Ai shi ya sa aikin ya fi wuya: harshe biyu ake nema a wurinka, ba ɗaya ba.

Amma ba laifin ɗalibai ba ne kaɗai. A 2020 NUC ta sanar da raba Mass Comm gida bakwai, aikin jarida daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, rediyo da talabijin daban, fim daban, da sauransu. Madalla. Sai dai a namu sashen, cikin shekara huɗu, kwas ɗaya tak muka yi kan yaɗa labarai da harsunan gida, mai yunit biyu, shi ma da Turanci aka koyar da shi, da Turanci muka rubuta jarrabawarsa. Ko jimla ɗaya ba a ce mu fassara ba. An sa mun haddace tambayoyi biyar na Lasswell, ɗaya daga ciki ita ce wa ake faɗa wa saƙon. To wa? Mai shayi a Sabo, da mai albasa a Bodija, da direban tirela da ke kwana a Ogere, da wane harshe suke jin labari?

Wanda yake Ibadan a watan Fabrairun 2021, lokacin rikicin kasuwar Shasha, ya san abin da nake nufi. Ina gida a lokacin. Wayar mahaifiyata ba ta huta ba, saƙon murya na WhatsApp wannan na bin wannan, duk da Hausa, kowa da adadin gawarwakin da ya ƙirga, har da masu rantsuwa cewa ga mahara nan tafe unguwarmu. Rahotannin da aka tantance suna nan a jaridun Turanci, waɗanda ita ba za ta iya karantawa ba. Ranar ba mu yi barci ba. Masu ƙarya sun iya Hausa sarai, kuma ba sa jin kunyarta. Mu da aka koya wa tantance labari, muna can muna gyaran lafazi don mu yi kama da masu karanta labaran CNN.

Kai kuma ɗan'uwana na gindin bishiya, na san za ka karanta wannan. Ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba. Ni da wasu 'yan aji uku mun fara haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a bayan situdiyo, muna ɗaukar labarai biyar na ranar mu juya su zuwa Hausa cikin minti ashirin, sannan mu yi wa juna gyara ba sani ba sabo. Akwai wata 'yar ajinmu Bayarabiya da ke yin nata da Yarabanci, kuma ta fi mu sauri. Ka zo wannan Asabar ɗin da birona a hannunka, wanda ka ara tun zangon farko. Zan ba ka labarin kotu.