An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Katifa da Gadon da Ke Ɗauke da Ita

Idan aka tashi aurar da yarinya a ƙasar Kebbe da Tambuwal, babu abin da ake yi wa dogon ciniki a cikin kayan ɗaki kamar gado da katifa. Iyaye sukan danna katifar da hannu, su tambayi incinta, su duba sunan kamfani. Idan aka juya kan gadon kuwa, fuskarsa ake kallo: sassaƙa da fenti da madubi. Da wuya a sami wanda zai leƙa ya ga katakan da katifar za ta zauna a kansu. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai tsakiyar shimfiɗa ta yi rami, mai gida ya riƙa tashi da ciwon baya, a ce katifar jabu ce. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin taurin katifa da daɗinta sun dogara ƙwarai a kan abin da ke ƙarƙashinta.

Domin a fahimci dalili, sai a fara da jikin ɗan Adam. Ƙashin baya jerin ƙasusuwa 33 ne, 24 daga cikinsu masu motsi, kuma galibinsu akwai faifan guringuntsi a tsakaninsu da ke aiki kamar matashi. Wannan jeri yana da lanƙwasa ta halitta a wuya da ƙirji da kwankwaso. Aikin shimfiɗa shi ne ta bar kafaɗa da ƙugu su ɗan nutse, ta kuma tallafi kwankwaso, yadda lanƙwasar za ta zauna daidai har gari ya waye. Idan ƙugu ya nutse fiye da kima, jijiyoyi da tsokokin baya sukan kwana a ɗaure. Mutum kuwa yana cinye kusan sulusin rayuwarsa a kwance.

A shekarar 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa abu mai tsalle yana lotsawa ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Idan aka ɗora irin waɗannan abubuwa biyu, ɗaya bisa ɗaya, lotsawarsu haɗuwa take yi. A misali, idan katifa ta lotsa santimita 3 a ƙarƙashin ƙugu, gadon kuma ya lotsa santimita 4, to ƙugun ya sauka santimita 7 ke nan. Shi ya sa katifa guda takan yi tauri a kan daɓen siminti, ta kuma koma kamar raga idan aka ɗora ta a kan tsohon gadon ƙarfe mai rumfa wanda wayarsa ta saki.

Katako ma yana da nasa lissafin. Idan aka ninka tsawon falanki sau biyu, lanƙwasarsa a ƙarƙashin nauyi guda takan ninku sau takwas. Idan kuma kaurinsa aka ninka sau biyu, lanƙwasar takan ragu sau takwas. Gadon da ake yayi yanzu, mai ƙafa shida da shida, ya fi gadon ƙarfen iyaye faɗi nesa ba kusa ba, amma kafintoci da yawa sukan jera masa siraran falankai biyar ko shida ba tare da dogari a tsakiya ba. Katako guda mai ƙwari da aka gitta daga kai zuwa ƙafa, aka kuma kafa masa ƙafafu a ƙasa, zai raba tazarar gida biyu, ya kawar da mafi yawan lotsawar. Haka nan, idan giɓin da ke tsakanin falankai ya yi faɗi, soso yakan kutsa ciki ya karye a hankali. Shi ya sa masu ƙera katifa da yawa suke ba da shawarar kada giɓin ya wuce santimita 7 zuwa 8, wato kamar faɗin yatsu huɗu.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Gadon kara da ake ɗaurewa da karan dawa a jere kusa da kusa, da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin hunturu, duk shimfiɗaɗɗu ne masu tallafar jiki ko'ina, ko da tabarma aka ɗora ko katifar audugar rimi. Katifar soso baƙuwa ce. A shekarar 1937 ne Otto Bayer ya gano sinadarin da ake yin ta da shi a ƙasar Jamus, kuma a 1962 aka kafa kamfanin Vitafoam a Nijeriya. Shi kansa kamfanin Mouka da gado ya fara: a Kano aka kafa masana'antar iyalin Moukarim a 1959 tana ƙera gadajen ƙarfe da kayan ɗaki, sai a 1972 aka shiga harkar soso a Legas. Soso ya samu karɓuwa, amma sanin irin gadon da ya dace da shi bai bazu tare da shi ba.

Wasu sukan ce ai maganin abin shi ne a jefar da gado a shimfiɗa katifa a ƙasa, domin tauri shi ne lafiyar baya. Wannan magana tana da gyara ta fuska biyu. Ta farko, binciken da aka yi a ƙasar Sifen a kan mutane 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2003, ya nuna cewa masu kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi masu kwana a kan mai tsananin tauri samun sauƙi. Ta biyu ita ce laima. A yankin Sakkwato zafin bazara yakan haura digiri 40, gumi kuwa yana ratsa soso. Da damina kuma, musamman a garuruwan fadamar Gulbin Zamfara, daɓe yakan tsatso danshi. Katifar da iska ba ta ratsa ƙarƙashinta takan yi fumfuna da wari, ta kuma mutu da wuri. Jerin falankai masu ƙaramin giɓi ya fi daɓe, ya kuma fi rufaffen allon katako, domin yana tallafa yana kuma barin iska ta wuce.

Gano mai laifi ba shi da wuya. A sauke katifar a shimfiɗa ta a kan daɓe madaidaici na kwana biyu ko uku. Idan ramin ya ɓace, laifin gado ne, kuma gyaransa bai wuce 'yan falankai da ƙusoshi ba, ko aikin mai walda na rabin yini. Idan ramin yana nan, katifar ta gama aiki. Lokacin da aka sauke ta, a duba tsagogin katako, domin nan ne maɓoyar kuɗin cizo. Sai dai ba kowane ciwon baya ne daga shimfiɗa ba. Noma da ɗaukar kaya da hawan babur a kan hanya mai gargada duk suna da nasu kason. Ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020. Manomin da bayansa ya riƙe a tsakiyar damina ya san asarar da ke ciki. Saboda haka ya kamata uban amarya ya rage kuɗin madubi da sassaƙa ya ƙara a kan falankai, kafinta kuma ya ɗauki dogarin tsakiya a matsayin wajibi, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Duk mai cinikin gado, kafin ya biya, ya ɗaga katifar ya ƙidaya katakan, ya kuma auna giɓinsu da yatsunsa.