Ba Ganuwa Ke Raya Birni Ba

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin ƙasar Hausa ya san sunayen manyan birane uku: Surame, Alƙalawa da Kano. Dukansu sun yi sarakuna masu ƙarfi, dukansu kuma an kewaye su da ganuwa. Amma a yau biyu daga cikinsu kufai ne, ɗaya kaɗai ke raye. Mu a namu ganin, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa dalilin haka.

Mu fara da na kusa da mu, tunda Surame da Alƙalawa suna cikin Jihar Sakkwato ne, kamar yadda Jabo take. Kanta, Sarkin Kabi, shi ya gina Surame a ƙarni na 16, har da ganuwar duwatsu. Da sarauta ta koma Birnin Kabi, sai jama'a suka watse. Alƙalawa kuwa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, ba ta sake tashi ba. Waɗannan birane sarauta da yaƙi ne suka riƙe su. Da sarautar ta kau, sai komai ya bi ta.

Kano ma ta sha irin wannan. Masu jihadi sun ci ta a 1807, Turawan Ingila kuma suka fasa ganuwarta a watan Fabrairu na 1903. Amma kasuwa ba ta daina ci ba. To, me ya sa?

Dalili na farko shi ne sana'a. Tun kafin zuwan Bagauda akwai maƙera a gindin Dala. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin masaƙa da marinan birnin har Tambutu da Tarabulus. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, manoma suka rungumi gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka tara dalar buhuna. Dalar gyaɗa ta ɓace tuni, amma Kanawa sun koma wasu sana'o'in.

Dalili na biyu shi ne karɓar baƙo. Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da ilimi da fatauci. Larabawa, Barebari, Nufawa da Buzaye duk sun sami masauki. Daga baya Yarbawa da Ibo suka cika Sabon Gari. Ba za mu ɓoye ba, Kano ta taɓa juya wa baƙinta baya, kamar a rikicin 1953 da na 1966, inda aka yi asarar rayuka, shaguna da yawa kuma suka zama kango. Wannan ma darasi ne: garin da ya kori baƙo, arzikinsa ya kora.

Wani zai ce ai ganuwa ma ta yi amfani. Gaskiya ne, ta kare mutane lokacin yaƙi, kuma abin takaici ne yadda ake yanka abin da ya rage nata ana gina gidaje. Ya kamata a adana ta. Sai dai ganuwar Surame ma da sauranta a tsaye, ba mai kwana a cikinta.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu fita a bana, kada mu raina aikin hannu don mun riƙe takardar shaida. Kada kuma mu dubi maƙwabci da idon ƙabila ko addini. Jabo, Tambuwal da Kebbe ba su kai girman Kano ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Idan muna son garuruwanmu su ga jikokinmu, sai mu riƙe sana'a, mu kuma shimfiɗa wa baƙo tabarma.